Gefen Dama Na Motar

Na Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Asabar, tara ga watan Maris, da hantsi, matarka ta kira ni ta ce ka cika, bayan jinyar kwana uku. Na rubuta ranar a littafina na kullum, sannan na rasa abin da zan ƙara.

Shekara goma sha bakwai muna sassaƙa motocin yumɓu a ɗaki ɗaya, ni da kai, Malam Santsi. Haka kowa ke kiranka saboda kyan aikin hannunka. Tsarin kamfaninmu shi ne, kafin a ƙera sabuwar mota, sai a gina ta da yumɓu daidai girmanta, a raba ta biyu. Kai kake da gefen dama, ni hagu, kowa da fasalinsa. Idan mun gama, shugaban sashen zane ya zaɓi ɗaya, wanda ya faɗi ya kankare nasa ya kwafi na ɗan'uwansa. Na duba littattafaina jiya. Sau goma sha ɗaya aka yi zaɓe, sau goma sha ɗaya na kankare nawa.

Ban taɓa gaya maka ina ƙyashinka ba, ko da yake ina zaton ka sani. Ni sai na auna, na sake aunawa, na rubuta. Kai kuwa rufe ido kake yi, ka bi jikin ƙofar motar da tafin hannu. Kakan ce mini, "Akawu, ajiye biro. Mota ba ta karatu."

Lokacin da aka kwantar da matata a asibiti, sati biyu ka yi kana aikin gefena bayan ka gama naka, ba ka faɗa wa kowa ba. Da na dawo na tarar ka yi shi da irin hannuna sak, har da taurin layina. Na gode maka, amma abin ya ci ni. Kai kana iya zama ni, ni ban taɓa iya zama kai ba.

Motar bana ta fi sauran muhimmanci. Doguwa ce ta alfarma, wadda za a kai baje koli don a nuna kamannin motocin kamfanin na shekaru goma masu zuwa. Na zuba duk abin da na iya a gefena. A karon farko na ji kamar zan ci, wataƙila kuma ruɗin kai ne. Litinin za a yi zaɓe, ka tafi Asabar.

Bayan kwana uku shugaba ya kira ni. Ya ce, "Naka za mu ɗauka, tunda mai gefen dama ba ya nan da zai ƙarasa."

Na ɗauki wuƙar kankarewa na tsaya a gefenka na motar. Na rufe ido yadda kake yi, na bi layin da ka ja daga fitilar gaba zuwa ta baya. Hannuna bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na zagaya na shafa nawa. A ƙofar baya na ji tudu.

Na koma na ce wa shugaba naka za a kai, ni zan ƙarasa shi. Ba karamci na yi ba, Malam. Haushi nake ji har yanzu. Amma ba zan iya tsayawa a baje koli ana yaba wa abin da na san ya kasa naka ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka da 'ya'yanka huɗu da mahaifiyarka, Allah Ya ba su haƙuri. Ni kuma Ya yafe mini abin da na riƙe a zuci, tunda ban samu na roƙe ka gafara ba.