Haihuwar da Aka Hana Ni Karɓa

Shekarun baya, a cikin gidana, aka yi mini abin da har yau in na tuna sai na gyara zama. Ni ce ungozomar ƙauyenmu, can gefen Bunkure. Ban taɓa shiga aji ba, amma rabin masu noman rani a bakin kanal ɗinmu ni na yanke musu cibi. Sai ga surukata, da cikin fari, ta dube ni ta ce a asibiti za ta haihu.

Mijinta ɗan farina ne. Kun san yadda muke, ban taɓa kiran sunansa ba, tsakanina da shi gaisuwa ce daga bakin ƙofa. Da kakar tumatir yake bin motocin kwanduna zuwa Legas, in kaka ta wuce ya tsaya can yana dako, sai mu yi wata biyar ba mu gan shi ba. Ita kuma marainiya ce, ba ta da inda za ta je goyon ciki. Ni ce uwar, ni ce uwar mijin.

Ranar da ta fara zuwa awo a asibitin Kura, ta dawo ido jajur. Bayan kwana uku sai ga mijin ya sauka, ba lokacin zuwansa ba, suka koma asibitin tare. Namiji a layin awo! Daga nan na fara sa ido.

Na lura kullum tana haɗiyar wata ƙwaya da take ɓoyewa a bayan kwanukan jerenta. Na tambaya, ta ce na ƙarin jini ne. Na ƙarin jini ja ne, na san shi, wannan kuwa ba ja ba ne. Na jiƙa mata saiwoyi, ta ce an hana ta haɗawa. Na zargi maƙwabciya da zuga ta. Har watannin cikin na ƙirga da yatsu, Allah Ya yafe mini. Suka fita daidai, na sake ƙirgawa don haushi.

Wata rana da hantsi muna shanya shinkafar da muka turara, na kasa haƙuri.

"Ke 'yar nan, in hannuna ne bai yi miki ba, haɗa kayanki ki tafi gidan kawunki. Kuma babu mai zuwa bikonki."

Ba ta yi kuka ba. Ta kama hannuna ta juya shi.

"Inna, dubi yatsunki, duk sun tsattsage. Jini zai shiga."

"Jinin wa?"

"Nawa. An auna ni, an auna shi. Muna da cutar nan mai karya garkuwar jiki, mu biyu."

"Ƙanjamau?"

Ta ɗaga kai. Ni kuma abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Wa ya kawo ta gidan nan?"

"Inna, ni ko Kano sau nawa na taɓa zuwa?" Ta sunkuya ta ci gaba da baza shinkafa. "Tun tuni ya ce in faɗa miki, shi ba zai iya haɗa ido da ke ba. Na ce masa in kin ji, ni za ki kora, ba shi ba."



Ranar haihuwa ni na raka ta. Na zauna a benci a waje kamar baƙuwa, wata yarinya sa'ar 'yar cikina tana yin aikina a ciki. Aka samu mace. Suka ba mu wani ruwan magani da za a riƙa ɗiga mata, suka ce uwar ta shayar, muddin ba ta fasa shan nata ba. Kafin mu fito na miƙa musu yatsa na ce ni ma a auna, tunda na tsufa ina sa hannu cikin jinin mutane ba safar hannu. Nawa ya fito lafiya.

Jaririyar an auna ta kafin arba'in ta yi nisa, an sake bayan yaye, duk suka ce ba ta ɗauka ba. Ban yarda ba. Na sa muka hau mota har Kano aka sake aunawa. Ma'aikaciyar can ta ce, "Hajiya, sau nawa kike so a faɗa miki?" Na ce, "Sai na ji daga bakin wanda bai san na Kura ba."

Yanzu yarinyar tana zuwa makaranta, iyayenta suna shan maganinsu, lafiyarsu ƙalau. Ni kuma duk mai cikin da ta zo mini, in mijinta mai tafiye-tafiye ne, sai na tambaye ta, "An auna ku, ke da shi?" Wasu mazan sun daina gaishe ni. Su sha zamansu.

Abin da bai sake ni ba har yau ɗaya ne. Wata biyar surukar nan tawa tana haɗiyar magani a ɓoye, tana dafa mini tuwo, tana lissafin ranar da zan sa ta a hanya. Kuma da a ce ta faɗa mini tun ranar farko, wallahi da na sa ta.