Tirelar Baffa Hammanjoda da Allo Uku

Wata Asabar ce, ƙarfe huɗu da kwata na yamma, a falon Baffa Hammanjoda da ke unguwar Majidaɗi a Jalingo. Mu huɗu ne a wurin: shi, da matarsa Inna Dudu, da Bulus mai gyaran kwamfuta, da ni ɗan ƙanensa. Abin da ya tara mu shi ne Baffa ya yi hatsari.

Ku da kuka san shi kun san ba ya zama a kujera sai ya zagaya ta, yana ɗan harbin ƙafafunta kamar mai duba taya. Shekara talatin yana jan babbar mota tsakanin Jalingo da Gembu ta kan tsaunin Mambila, ko madubi bai taɓa fasawa ba. Da ya ajiye aiki, ɗansa ya aiko masa da kwamfuta da sitiyari da wasan tuƙin tirela. Muka ce kwana biyu zai yi ya gaji. Ina! Sai ga Baffa da allo uku a jere, na tsakiya gilashin gaba, na gefe tagogi da madubai.

"Mai labarai," haka yake kirana saboda aikina na rediyo, "mai tuƙi da allo ɗaya ɗan kallo ne."

Ranar hatsarin, hoton ya daskare daidai kan kwana. Da ya dawo, tirela tana cikin rami. Inna Dudu ta ce ai wasa ne.

"Wasa? Simintin mutane ne fa a bayana!"

Bulus ya buɗe kwamfutar ya nuna mana katin da ke zana hoto yana tura wa allo. Na Baffa tsoho ne, allo uku sun fi ƙarfinsa. "Baba, kati ta gaji," in ji shi da Hausarsa ta Jalingo. "Sai canji."

Akwai abin da Bulus bai sani ba. A cikin makon ne likita ya gaya mana ganin Baffa yana tsukewa daga gefe, sannu a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Wato tagogin nan biyu da yake ji da su, su zai fara rasawa. Don haka ni sauri nake yi. Baffa kuwa ko fulogi bai taɓa saye da gaggawa ba.

Kati na farko da Bulus ya kawo ƙato ne mai fanka uku. Baffa bai taɓa shi ba. Ya aro tef ɗin ɗinkin Inna, ya auna katin, ya auna cikin kwamfutar. Katin ya fi tsayi da yatsa biyu.

"Baba, zan yanka ƙarfen kaɗan."

"Ka yanka bodi don inji ya shiga? A ina ka koyi aiki?"

Na biyu ya shiga daidai, amma yana walwali da fitilu, ja da kore da shuɗi. Baffa ya ce wannan na 'yan acaɓa ne. Sannan ya yi tambayar da ba wanda ya yi a cikinmu: "Nawa yake sha?" Bulus ya sosa ƙeya ya ce gaskiya yana cin wuta, sai an canza akwatin wutar kwamfutar, kuma da wuya wutar solar gidan ta riƙe shi tare da firiji.

Inna Dudu ta leƙo daga kicin. "Alhaji, ko firijina ko tirelarka."

Baffa ya miƙa wa Bulus katin da hannu biyu. "Mai motar ta yi magana."

Wata guda ya wuce. Ran nan na gan shi ya yi fatali da buta a hagunsa, bai gan ta ba. Ya ce butar ce ta yi fakin ba daidai ba. Muka yi dariya, amma ni na san idon ne. Na kira Bulus na ce don Allah ya nemo kati mai ramin wayar allo uku ko huɗu, marar fitila, marar haɗama, kafin Juma'a.

Ya samo. Muka je shagonsa, aka kunna. Baffa ya zaro sukundireba daga aljihu, ya ɗora bakinta a jikin kwamfutar, ya kara kunne a ƙotar. Minti goma sha biyu, na duba agogo. Ya sunsuna iskar fankar. Ya ƙirga ramukan waya da yatsa, sau biyu.

"Ya taɓa hawa Mambila?"

"Baba, sabo ne, yanzu na cire a kwali!"

"Abin da nake tsoro ke nan."

Amma ya amince. Na yi ajiyar zuciya, na ce an gama. Ashe ba a fara ba. Muna haɗawa a gida, Baffa ya sa hannu ya zare wayoyin allunan gefe.

"Sabon inji ba a ɗora masa cikakken lodi. Kilomita dubu, allo ɗaya, gudu arba'in."

Bulus ya dafe kai. "Baba, ba fistin a ciki! Ba mai! Ba komai!"

"Kai ka sani."

Ni dai haƙurina ya ƙare. Na ce, "Baffa, idonka fa! Lokaci muke gudu."

Ya juyo gaba ɗaya ya dube ni. "Mai labarai, na ji labaran. Ina zaune likita ya karanta su. Ido nawa ne, inji amana ne."

Kwana goma sha tara ya yi yana rarrafe. Kullum in na tashi daga aiki sai na biya in duba kilomita nawa suka rage, shi kuma ya ce in daina leƙen direba. Motocin cikin wasan suna ta yi masa oda, yana ɗaga musu hannu su wuce.

Ranar da dubun ta cika, bayan la'asar, ya mayar da wayoyin da kansa. Alluna uku suka kama, hoto sumul, ba daskarewa. Na tsaya a bayansa.

"Baffa, kana ganin na hagu?"

Ya juya kansa hagu har haɓarsa ta kusa kafaɗa, ya duba madubi, ya juya dama, ya sa sigina.

"Satar kallo da gefen ido aikin 'yan koyo ne. Direba kansa yake juyawa."

Ya kai lodin. Ya yi ribas sau ɗaya tak, ya ja birkin hannu, ya ce, "Je ka karanta musu: an isa lafiya."

Wata biyar ya yi yana tuƙi haka, kafin zazzaɓin damina ya kwantar da shi. Allah ya jiƙan Baffa, ya haskaka kabarinsa, ya yalwata masa shi dama da hagu. Yadda ya riƙe amanar mutane a hanya, Allah ya sauke shi masauki na alheri.

Bayan sadakar bakwai Bulus ya kunna kwamfutar. Tirelar tana tsaye daidai cikin layi, birkin hannu a jaye, babu ko ƙwarzane.