Saƙon Tsohuwa Daga Lambunan Badaguishiri

Sallar asuba kawai muka jira, muka kama hanya daga Konni, ni da wani abokina mai babur. Kyamarar bidiyona, wadda nake ɗaukar bukukuwa da ita, tana rungume a ƙirjina cikin tsohon zane. Wakilin gidan talabijin a Tawa ne ya aiko cewa zai sayi hoton girbin albasa idan ya fito da kyau.

A mararrabar Tsarnawa manyan motocin siminti na Malbaza suka tilasta mana sauka gefen kwalta. Gaba kaɗan jandarma ya tsayar da mu, ya juya kyamarar, ya ce sai na ɗauke shi yana sara mana kafin mu wuce. Na ɗauka. Muka sha fura da nono wurin wata Bafillatana, kwano dala biyar, nonon ya fi na birni kauri.

Da hantsi muka gangara kwarin Badaguishiri. Kore shar a tsakiyar rani, warin albasa har cikin riga. Rabona da garin tun rasuwar mahaifiyata, don nan ne garinsu. Ina cikin ɗaukar maza suna ɗinke buhuna sai wata tsohuwa mai tsintar albasa ta ja mini hannun riga.

"Yaro, abin ga shina kai har Abijan?"

Na ce, "Inna, nan ƙasar kawai ake gani."

"Ko da haka, ɗauke ni. Ɗana na can, damina tara ba labari. Wataƙila wani ya gani ya hwaɗa mishi."

Ta gyara kallabi, ta tsaya cak kamar mai jiran hoton katin shaida. Ta kira sunansa, ta ce ɗakinsa na nan ba a ba kowa ba, ta ce ba kuɗi take so ba. Daga nan sai ta ci gaba da kallon gilashin kyamarar. Ban iya kashe kyamarar ba sai da ta sunkuyar da kai. Muryarta irin ta matan kwarin ce, irin ta mahaifiyata, wadda ba ni da hotonta ko ɗaya.

A Tawa wakilin ya kalli kaset ɗin, ya yaba, ya biya. Da aka zo kan tsohuwar sai ya ce labarai ba su da fili ga saƙon mutum ɗaya. Ban ga laifinsa ba. Ranar da aka nuna, hannayenta kawai suka fito cikin tulin albasa.

Da na dawo Konni na kwafi maganarta a wani kaset, na rubuta sunan ɗan a jiki, na ba wani direba da ke kai kaya Abijan. Tafiyar ta koya mini cewa abin da ya fi daraja a kaset ba shi ake saye ba. Direban ya je ya dawo sau biyu. Ya ce yana kan tambaya.