Mujaheed Mai Gyaran Waya da Kasuwar Ɓoye

Kusa da tashar Wurno, bayan masu sayar da albasa, akwai wata rumfar kwano inda ake gyaran waya. Mai ita sunansa Mujaheed, ɗan Lahodu ne, shekarunsa talatin da ɗaya.

Da can kabu-kabu yake yi. Wata damina yana dawowa daga Goronyo da buhun wake a baya, babur ya zame da shi, ƙashin cinyarsa ya karye. Karaya ta warke, amma zogi bai bar shi ba. Likita ya rubuta masa maganin kashe zafi na mako biyu, shi kuwa ya kai wata biyar yana sha. Da masu kantin magani suka daina sayar masa babu takarda, sai wani da suka koyi gyaran waya tare a Sakkwato ya nuna masa wata hanya.

Kasuwa ce a intanet, amma ba wadda kowa ke gani ba. Sai da wata manhaja mai ɓoye mutum ake shigarta. Masu sayarwa ba su da suna, ba su da fuska, sai laƙabi da hotunan ƙwayoyi, da yabon da wai masu saye suka rubuta. Da kuɗin intanet ake biya, masu kasuwar su riƙe har kaya su iso. Tsarin nan ne ya ruɗe shi, ya ga kamar kantin gaskiya. Bai kawo a ransa cewa mai kaya na iya rubuta wa kansa yabo ba. Bai kuma lura ba cewa a duk cinikin, shi kaɗai ne ya ba da sunansa na ainihi, da lambarsa, da inda za a same shi.

Saƙon farko ya iso tasha cikin kwalin caja. Na biyu bai zo ba, domin kasuwar ta ɓace ɗungum da abin da ya biya, kuma babu wanda zai kai wa ƙara. Ya nemi wata, ya sake saye. Ƙwayoyin suka zo da launi da tambari irin na da.

Da hantsi ya sha guda ɗaya, a gonar albasar mahaifinsa, Malam Atiku, suna ban ruwa. Tsohon ya waiga ya gan shi kwance cikin kwamin albasa, numfashi na fita da ƙyar, leɓɓansa sun yi baƙi. A amalanke aka kai shi bakin titi, daga nan sai asibiti. Yayarsa Halimatussa'adiya ma'aikaciyar jinya ce, ita ta tsaya a kansa har ya farfaɗo. Ta gaya masa cewa abin da ya sha ba shi ne aka rubuta a jiki ba, an gauraya shi da wani abu mai ƙarfin gaske, kuma da biyu ya haɗiye, da sai dai addu'a.

Bai gama murmurewa ba saƙonni suka fara shigowa wayarsa. Mai kayan ne, ko wani da ya samu bayanansa. Ya ce daga yanzu za a riƙa aiko da kayan wasu mutane rumfarsa yana ajiyewa, in ya ƙi, a tona shi ga danginsa da hukuma. Kwana uku Mujaheed bai ci abincin kirki ba. Ran na huɗu ya sami mahaifinsa a zaure bayan la'asar, ya durƙusa, ya faɗi komai tun daga farko.

Malam Atiku ya ajiye carbinsa, ya dube shi.

"To, mi ya rage da za su tona, tun da ka hwaɗi da bakinka? Gobe mu tahi Sakkwato tare."

"Baba, za su iya riƙe ni."

"Ko sun riƙe ka, ina nan. Da raina ba ni barin ka ga hannun wanda bai da huska."

Washegari suka kai wayar da sauran ƙwayoyin ofishin masu yaƙi da miyagun ƙwayoyi. An yi masa tambayoyi wuni guda, sannan aka tura shi wurin masu kula da irin lalurarsa. Wata uku ya yi yana zuwa. Sau ɗaya ya koma ya sha, ya kuma gaya wa matarsa Mashkura a ranar, ita ta raka shi aka sake farawa. Zogin ƙafar kuwa, motsa jikin da aka koya masa ya rage shi sosai.

Yau shekara biyu ke nan. Watannin baya wani magidanci daga Rabah, Nasrullahi, ya kawo waya, ya rage murya ya ce a sa masa manhajar nan ta shiga kasuwar ɓoye. Mujaheed bai kore shi ba. Ya jawo masa benci, ya aika aka kawo shayi, ya tambaye shi inda ke masa ciwo. Ashe ciwon baya ne, daga jan komar kamun kifi a dam. Sun yi fiye da awa suna magana, har masu jiran waya suka fara ƙorafi. Ranar Litinin ta gaba Mujaheed ya rufe rumfa da safe, ya goya shi a babur zuwa wurin Halimatussa'adiya. Mutumin yana zuwa ganin likita har yanzu, kuma duk ranar da ya shigo gari sai ya biyo da ƙullin busasshen kifi, ya ce a kai wa Baba Malam Atiku.