Kunnen Haladu Mai Igiya

Duk wanda ya ci kasuwar Babura a shekarun baya ya san Haladu mai igiya, in ma bai riƙe fuskarsa ba to ya riƙe kunnensa. Kunnen hagu ne, fankacece, da ɗan gutsure a sama inda jakin mahaifinsa ya cije shi tun yana yaro. Sana'arsa tufkar igiyar rama, ta guga da ta ɗaure shanu da ta raƙuma, kuma ba a taɓa jin wadda ya tufka ta tsinke ta bar guga a rijiya ba. Mutum ne mai raha da son jama'a, ciwonsa ɗaya a duniya shi ne hoto.

Abin ya samo asali ne ranar bikin samun 'yancin kai. Da za a ɗaga sabuwar tuta a filin makarantar garin, aka rasa igiyar kirki, aka aika wurin Haladu. Shi kuwa ya ce igiyarsa ba ta zuwa ko'ina sai da shi. Haka aka bar shi ya tsaya a gindin sandar tuta riƙe da bakin igiya, masu ɗaukar hoton majigi suna ta juya na'urarsu wajensa. Ya koma gida yana taku ɗai-ɗai, ya shaida wa matarsa Shatu cewa daga yau gwamnati ta san da zamansa.

Bayan 'yan watanni motar majigi ta iso gari. Haladu ya aika Roni aka kira surukansa, ya aika Gwiwa aka kira kawunsa, aka tuƙa tuwo, aka shimfiɗa tabarmi a sahun gaba. Aka haska allo. Ga tuta, ga 'yan makaranta, ga wani ɗan doka da ko hannu bai sa a aikin ba an nuno shi tun daga hula har takalmi. Can gefen allon, dab da inda haske ya ƙare, sai ga kunne. Kunne kawai. Ya ɗan motsa, ya wuce.

"Ga Haladu!" in ji wata tsohuwa, fili ya kaure da dariya.

Surukai suka yi kara, suka ce ai an gane shi sarai. Haladu dai ko loma bai iya kaiwa baki ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya sha alwashin ba zai bar duniya ba sai an nuna shi sukutum. Aka ba shi shawara ya je Kazaure wurin mai hoto, ya zauna kusa da tukunyar fure a ɗauke shi. Ya ce Allah ya sawwaƙe, hoton da mutum ya kai kansa, ko ɗan akuya aka kai za a ɗauka. Shi hoton labari yake so, wanda za a zo har inda yake a ɗauka a buga a jarida, jikokinsa su gani su san kakansu ba kunne ba ne.

Don haka ya sa aka ɗinka masa babbar riga shuɗiya mai aiki har ciki, ya naɗe ta cikin adaka, kowace ranar kasuwa tana ƙarƙashin tulin igiyoyinsa. Da ya ji an ce baƙi sun sauka, masu allurar shanu ne ko masu ƙidayar jama'a, sai ya zura riga ya je ya tsaya kusa da su, ƙirji a gaba, numfashi a riƙe. Akwai ranar da ya wuni yana bin wani mai awon hanya, duk inda mutumin ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku Haladu ya sha gabanta ya ƙame. Sai da la'asar wani mai tausayi ya gaya masa ba ta ɗaukar hoto.

Shekaru suka tura, kuɗin mai ya fara yawo a ƙasa, rediyo da agogon hannu suka cika gari, furfura ta cika gemun Haladu. A lokacin ne Muhammadu Lawal ya zo hutu. Mutumin Kanya Babba ne, tsohon malamin firamare da ya koma karatun aikin jarida a Kaduna. Makarantarsu ta sa wa ɗalibai gasa: wanda ya kawo hoton labari mafi kyau zai ɗauki kofi, a kuma buga hoton a jarida. Sharaɗin shi ne a ɗauki mutane suna cikin harkarsu, ba su san ana ɗauka ba.

Wanda ya kafa sharaɗin nan bai taɓa zuwa Babura ba. Da Lawal ya ɗaga kyamara, mahauta sai su ajiye wuƙa su jeru. Masu ciniki da ke shirin dambe sai su rungumi juna su washe baki. A gaban kowane jeri kuma ga Haladu cikin shuɗiyar riga, kumatu a kumbure.

"Baba, don girman Allah ka koma ka ci gaba da tufkarka kamar ba na nan," in ji Lawal.

"To ai kana nan, Malam Lawal. Ƙarya kake so in yi da girmana?"

"Hoton labari ake nema, Baba. Sai wani abu ya faru."

"Ga ni na faru. Ɗauki."

Lawal ya rasa yadda zai yi da tsohon nan, hutu kuma yana ƙarewa. Ranar kasuwar ƙarshe kafin ya koma, Haladu ya sake dabara: ya hau can saman tarin buhunan gero kusa da kara, wajen masu sayar da dabbobi, inda ko makaho ya riƙe kyamara sai ya same shi. Yana tsaye yana gyara hannun riga, sai wani amalen raƙumi da fatake suka kawo daga Nijar ya tsinke igiya. Har ya mutu Haladu bai daina tuna wa mutane cewa igiyar ba tasa ba ce.

Raƙumin ya tattake rumfar masu goro, ya yi fatali da tukwane, yana kumfar baki ya nufi layin mata. A layin nan Shatu take zama da ƙwaryar daddawarta, ga shi ciwon ƙafa ya daɗe da hana ta tashi da sauri. Kowa ya watse, ita tana ta laluben sandarta. Haladu ya manta da hoto, ya manta da Lawal. Ya tuɓe rigar da ya yi shekaru yana lallaɓawa, da amalen ya zo gilmawa ta gindin buhuna ya watsa masa ita a ka, ya bi ta ya maƙale a wuyansa yana ihu, "Shatu, tashi! Tashi mana!" Raƙumi ya ga duhu, ya ci birki, ya hau juyi wuri ɗaya har masu shi suka cim masa. Lawal kuwa ya riga ya danna.

Hoton ya ci gasa. Ranar da jarida ta iso, rumfar Haladu ta cika maƙil, aka buɗe shafi. Ga amale sanye da babbar riga, aikinta ya fito raɗau, zare bi zare. Ga mata suna gudu, ga Shatu zaune baki buɗe, an nuno ta har da ƙwarya. A bayan wuyan raƙumin kuma hannu ɗaya ne ya leƙo, sai kunne mai gutsure a sama.

Haladu ya daɗe yana kallo. "Ni na ɗinka, ni na adana," ya ce, "raƙumi ya sa ta a jarida."

Tausayi ya kama Lawal. Da ya dawo hutu da kofinsa, ya ce zai ɗauki Baba hoto na musamman, ya kuma roƙa a sa shi a mujallar makarantarsu. Haladu ya yarda, tunda dai har inda yake aka zo. Aka ɗinke inda rigar ta yage. Ya ari tabarau, ya ari agogo, ya naɗa rawani ya danne kunnen nan da ya addabe shi, ya cije baki, ya riƙe numfashi har idonsa ya fito.

Da mujallar ta zo ya tara iyalinsa, ya miƙa wa Shatu. Ta kai ta kusa da ido, ta nesanta, ta karkata kai.

"Malam, wane alhaji ne wannan? Rasuwa ya yi?"

'Ya'yansa ma suka duba, babu wanda ya gane shi. Haladu ya karɓi mujallarsa, ya sa ta cikin adaka tare da rigar, bai ƙara zura ta don wani baƙo ba. Ya ci gaba da tufkarsa har ƙarfinsa ya ƙare, Allah ya karɓi abinsa wata damina.

Shatu ta liƙa shafin jaridar a bangon ɗakinta, saman jeren kwanuka. Jikokin da aka haifa bayansa, da sun fara magana sai su ɗora yatsa a kan kunnen su ce ga Kaka. Wata rana wata baƙuwa ta tsaya tana kallon hoton, ta ce kaico, da ma marigayi ya juyo da fuskarsa ta fito.

Shatu ta goge ƙurar takardar da bakin mayafinta.

"Ina zai juyo?" ta ce. "Ni yake kallo."