Tulun da Ya Yi Gaggawar Zuwa Rafi

Shekarar da na cika bakwai azumi ya faɗo cikin sanyi, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. A gidanmu na Roni, Baba ya yanke cewa na isa in kai azumi har magariba. Mutum ne da ba ya magana biyu. Rana ta uku, da azahar, na lallaɓa bayan rumbu na kwankwaɗi ruwan randa, na goge baki. Da aka zo shan ruwa na zauna cikin masu azumi ina lumshe ido, tsoron a gano ni ya hana ni jin daɗin kunu.

Kakata Inna Tabawa ba a yi mata irin wannan wayo. Bayan an sha ruwa mun kewaye wutar kara a ƙofar ɗakinta, Baba kuma yana bayan zana yana jan carbi. Ta dube ni ta ce, "Maigidana, yau leɓenka bai bushe ba. Matso, ga wata tatsuniya nan tafe."

Wai wata mai ginin tukwane ce ta gina ɗan tulu. Kullum yana ganin yayyensa ana ɗaukarsu zuwa rafi, shi an bar shi a inuwa. Ta ce masa sai ya sha inuwa, ya sha rana, ya shiga wuta tukuna. Amma mijinta ya ga tulu ya yi kyau, ya ɗauka ya tsoma a rafi. Nan take ya narke ya koma laka.

"To, laifin wa?" in ji Inna, da murya sama da yadda ta saba.

Na fashe da kuka na faɗi abin da na yi. Carbin Baba ya tsaya. Na jira bulala, ba ta zo ba. Washegari da azahar shi da kansa ya miƙo mini ƙwaryar fura, ya ce bana rabin yini ya ishe ni, sallah dai kada in bari.

Na daɗe ina zaton ni aka yi wa tatsuniyar. Sai da na haifi nawa, na ji hannuna yana ƙaiƙayin ɗora musu abin da shekarunsu ba su kai ba, sannan na gane dalilin ɗaga muryar Inna. Ɗanta take karantarwa, mai gemu da furfura, ba tare da ta kunyata shi a gaban ɗansa ba. Allah Ya jiƙansu duka biyun.