Ci-rani a Duniyar Mars

Shekarun baya ɗana na fari ya cuce ni, kuma ba zan sake wa abin suna ba. Na yafe masa, wannan tsakanina da Allah ne, amma mantuwa babu. Ya zo ya karɓi albarkata a kan abin da ya san ban gane ba, ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya fita.

Wanda ya san ni a kasuwar Illela ya san ba a yi mini rufa-rufa. Busasshen tattasai da barkono nake sayarwa, tun ina da goyo nake tsallakawa Ƙonni ina dawowa. In dillali ya rantse mini buhu ba gauraye, sai na zura hannu har ƙasan buhun na gani. Amma yaron nan ɗan fari ne, kuma mu yadda aka tashe mu, uwa ba ta sakewa da ɗan fari. Ba na faɗin sunansa, ba na kallonsa ido cikin ido, ba na tsare shi da tambaya. In yana magana sai in juya gefe in sami abin yi da hannuna, in amsa da "to". Kunya ce, kuma ina alfahari da ita.

Lokacin yana jami'a a Sakkwato, ya zo hutu. Wata rana da hantsi ya shigo tare da baffansa, don babansu ya riga mu gidan gaskiya, ya durƙusa a bakin ɗakina.

"Inna, wasu Turawa na neman mutanen da za su tahi su zauna duniyar Mars. Na ba da sunana ta waya. Albarkarki nika so."

Ni ban taɓa jin Mars ba. Na ɗauka wani wuri ne can gaba da Agadas. Ban dube shi ba, baffan na duba, na ce, "Ci-rani na?"

Baffan ya dubi yaron. Yaron ya ce, "Kusan haka, Inna."

To me ya rage? A garin nan kowa matafiyi ne. Babansu, lokacin yana raye, duk rani yana Kurmi, hadari na fara haɗuwa sai ka gan shi da jakarsa a ƙofar gida. Fulani su kora shanu kudu, su dawo da ciyawar fari. Mu kuma mu tsallake iyaka da safe, magariba ta same mu a gida. Ban taɓa sanin akwai tafiyar da mai rai zai yi babu dawowa a cikinta ba. Na ce Allah ya yi masa albarka, ya kai shi lafiya, ya ba shi abin da ya tafi nema. Baffansa ya shafa fatiha, shi ma ashe bai san abin da yake shafawa ba.

Har baza labari na yi a kasuwa. Na ce yaron gidanmu za shi Mars da Turawa. Wata abokiyar cinikina 'yar Amarawa ta ce in ya tashi in ba shi ɗan tattasai ya gwada, ko akwai kasuwarsa can. Na ce mata kada ta damu, zan sa ya duba mana har da albasa.

A shekarun ne na shiga makarantar manya, da furfurata, muna zuwa bayan azahar. Malamarmu yarinya ce, a haife na haife ta. Rannan ta zana rana a allo, ta kewaye ta da wasu 'yan ƙwallaye, ta ce tamu duniyar ɗaya ce a cikinsu. Tana kiran sunayensu sai na ji ta ce Mars. Na ɗaga hannu da sauri.

"Malama, can yaron gidanmu za shi ci-rani. Daga nan mota nawa aka shiga?"

Aji ya fashe da dariya. Malama ba ta yi ba. Ta matso ta ce in sake faɗa mata abin da ya ce, na faɗa. Sai ta ciro wayarta ta nuna mini hoto. Jar ƙasa, duwatsu, babu itace ko guda.

"Ai wanga kamar fakon Tozai na da rani," na ce. "Ruwa na sauka za ya yi kore."

"Mama, ruwa ba ya sauka a can."

"Ko da damina?"

"Babu damina."

Ta ce a sama take, ba a ƙasa ba. Ta ce watanni ake yi a hanya cikin kumbo, kuma har yau ɗan Adam bai taɓa taka wurin ba. Iskar can ba ta shaƙuwa, wanda ya fita waje ba tare da rigar da aka rufe ruf ba, mutuwa zai yi nan take. Sanyinta ya fi ƙarfin jikin mutum. Ruwan da ke can ƙanƙara ne. Ina ji ina gyaɗa kai, amma kaina ya ƙi ɗauka. Na ce to, su wahala su gama, yaushe suke dawowa?

Sai ta ce, "Waɗannan da na ji labarinsu, kaiwa kawai suka ce. Ba su yi alkawarin dawo da kowa ba."

Innalillahi. Ban san na tashi ba. Sai da ƙasa ta fara ƙona mini tafin ƙafa a kan hanya na gane takalmina na bakin aji.

Na same shi a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya yana latsa waya, ƙanwarsa tana daka. Na tsaya a kansa na kira sunansa. Tunda na haife shi bai taɓa jin sunan nan a bakina ba. Wayar ta suɓuce masa. Taɓaryar ƙanwarsa ta tsaya a sama.

"Mi kac ce mini ranar nan? Kusan haka?"

Ya gane na ji. Ya sauko daga kujera ya fara bayani. Kuma gaskiya yaron yana da baki. Ya ce duniyar nan tana cika, hamada tana cin gonaki, wata rana ɗan Adam zai buƙaci wani gida. Ya ce dole wasu su fara zuwa. Ya ce kakanninmu da suka sari garin nan ai daji suka tarar.

"Sun iske iska," na ce. "Ba su taho da ita cikin salka ba."

Ya ce akwai injin da zai yi iska, akwai wanda zai narkar da ƙanƙara, za su shuka ganye a cikin ɗakunan gilashi.

"In injin ya mutu hwa? Nan injin niƙa in ya mutu sai mu jawo turmi. Can mi za ka jawo?"

"Akwai masu gyara, Inna."

"Gabas ɗinka ina take can? Watan azumi wa za ya gani maku?"

"Malamai za su duba wannan."

"To malamai su duba mini wanga. In na mutu, wa za ya kama makarata? Kai in ka mutu, wa za ya yi maka wanka? Turawan?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce mutane da yawa ne suka ba da suna daga ko'ina, ba lallai a zaɓe shi ba. Na ce ni zaɓen Turawa bai dame ni ba, nasa zaɓen ne ya tsaya mini a wuya. Ya zauna ya auna ni da jar ƙasar da ko tsiro babu, ya ɗauki ƙasar. Na ce don me bai gaya mini gaskiya ba tun farko?

"Ba ki tambaya ba, Inna." Ya ɗago ya dube ni. "Ba ki taɓa tambayata komi ba. Ko da nac ci jarabawa, ƙanwata kinka aika ta ji."

Wannan maganar ta fi ta Malama dukana. Ni da nake zura hannu cikin buhun baƙo, ban taɓa zura shi cikin zuciyar ɗana ba, kuma ina kiran abin tarbiyya. 

Sai ya ce, "In kin janye albarkar, na bari."

Kun ga inda ya ajiye ni. Uwa ta janye albarka daga kan ɗanta, ai saura ƙiris ya zama baki, kuma ni ba zan yi wa abin da na haifa baki ba ko sama zai shige. In kuma na bar ta, na sa hannu a tafiyar da kaina. Na ce masa albarka ba yawu ba ce da zan tofar in lashe. Na shiga ɗaki.

Maganar Turawan nan daga baya ta mutu murus, ba wanda suka kai ko'ina. Yau yaron yana koyarwa, da matarsa da 'ya'yansa, kuma har yanzu in an taɓo zancen sama sai idonsa ya yi haske. Ni ma yanzu da na iya karatu nakan bi labarin a waya. Ban ce mutane ba za su je ba. Ɗan Adam da taurin kai, wata rana za su je, wataƙila har su haihu a can. Abin da har yau yake tsinka mini zuciya shi ne duk wanda zai shiga kumbon nan wata ce ta haife shi, kuma ban sani ba ko an gaya mata gaskiya. Ko ni ce na hana shi, ko mutuwar maganar ce, ban taɓa sani ba. Kunyar ɗan fari kuwa daga ranar na sauke ta. Yanzu tambaya nake yi masa har sai ya ce, "Inna, don Allah ki bar ni in ci tuwo."

Amma a lokacin ban san maganar za ta mutu ba. Washegari da safe na yafa mayafi na tafi layin masu yadi, na ce a yanko mini farin alawayyo na mutum biyu. Mai yadin ya dafe ƙirji ya ce, "Subhanallahi, wa da wa munka rasa?" Na ce ba kowa tukuna.

Na dawo na same shi yana shan kunu. Na ɗora masa ƙunshin farko a cinya.

"Wanga likkafaninka na. Ka tahi da shi, can ba kasuwa."

Na ɗora na biyu a kai.

"Wanga nawa na. Tunda ba ka nan ranar, tashi ka kai ma wanda ka ga za ya tsaya madadinka. Da hannunka za ka ba shi, ka dube shi ka gaya mishi dalili. Ina nan zaune, ka dawo ka gaya mini ko wane ne."